Allon Hamsin na Kukar Maƙera

Kai mai jar hula, na ji abin da ka raɗa wa na kusa da kai. Wai aikin nan danne-dannen waya ne kawai, a taɓa hanya a rubuta lamba, a tashi a tafi cin tsire. To madalla. Gyara zama. Ku ma na baya ku matso, tunda an tara ku a nan Rijiyar Zaki an ce in nuna muku yadda ake tantance iyakar gudu a taswira. Amma ba da waya zan fara ba, ku mayar da su aljihu tukuna.

Sunana Garba, a tasha kuwa sai ka ce Garba Maleji kafin a gane ni, saboda idona ba ya barin allurar nan mai nuna gudun mota. Na yi jigilar fasinja tsakanin Kano da Tofa da Dawakin Tofa tun ina karen mota har furfura ta fito mini. Ciwon baya ne ya sauke ni daga sitiyari. Wadda ta sa ni a wannan aiki kuwa fasinjata ce, Malama Binta, malamar labarin ƙasa da ta yi ritaya. Kullum gidan gaba take zama, tana tambayata sunan kowace mararraba har ta ishe ni. Da ta ji na ajiye mota sai ta aiko a kira ni. Ta buɗe mini taswirar nan ta intanet da kowa ke iya gyarawa, ta ce daga cikinta ne manhajojin direbobi da yawa suke ɗibar hanyoyi da lambobin gudu. Ta ce, "Hanyoyinmu mutanen da ba su taɓa taka su ba ne suka zana su daga hoton tauraron ɗan'adam. Sun kyauta, Allah ya saka musu. Amma daga sama ba a karanta allon gefen hanya. Ƙafa muke nema, Garba."

Aikina na farko wata 'yar hanya ce a bayan Tofa, wadda na sani kamar yunwar cikina. Na hau babur na je na dawo tun kafin azahar, na ce mata iyakar gudun sittin ce. Ta ce ina hoto. Na ce haba Malama, hanyar da na bi sau ba adadi? Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ban tambaye ka abin da ka sani ba. Me ka gani yau?" Na koma na ɗauko hoto, ta ce lambar ba ta fito ba. Na sake komawa, ta ce wayar ba ta riƙe wurin da na tsaya ba. Haka ta yi ta mayar da ni har na ji kamar in jefar mata da wayar in koma tasha. Sittin ɗin ne kuwa, bai canza ba. Abin da take so in haddace shi ne ƙa'idar aikin: abin da ke tsaye a ƙasa shi ke shiga taswira, a daidai wurin da yake tsaye. Abin da kake so, ko abin da kake ganin ya kamata, ka bar shi a cikinka.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma waya ce mafi ƙarancin wahala a cikinsu. Akwai batirin caji, domin rana tana cinye wuta kafin ka ankara. Akwai tsumma da gorar ruwa, saboda rabin allunan ƙasar nan laka ta rufe su, sauran kuma an manna musu fostar 'yan siyasa. Akwai adda, don sare reshen darbejiya ko karan dawa da ya kare lambar. Sai haƙuri da tambayar mutane, don duk ƙauyen da ka tsaya kana ɗaukar hoton ƙarfe, sai an zagaye ka an ce gwamnati ce ta aiko ka ko filin wani za a ƙwace. Ka iya gaisuwa, ka fara zuwa wurin mai unguwa kafin ka zaro waya. Wanda bai iya gaisuwa ba ya nemi wata sana'ar.

Masu cin moriyar aikinku kuwa ba za ku taɓa ganin fuskar mafi yawansu ba. Direban tirela ne da ya ɗauko taki ko siminti daga wata uwa duniya, bai taɓa jin sunan Tofa ba, bai san inda kasuwa take ci ba, bai san inda makarantar allo take tashi ba. Waya ce maƙale a gaban gilashinsa, da ɗan da'ira mai lamba a kusurwa. In ya zarce lambar ta yi masa ƙara. In bai zarce ba ta yi shiru, shi kuma ya saki jiki ya taka totur, ga mai kaya yana ta kiransa yana cewa ya makara. Lambar da ka rubuta kana shan shayi, ita ce a ƙarƙashin ƙafar wannan mutumin.

Yanzu bari in ba ku labarin shekarar da ta fi kowace ba ni wuya. A ƙarshen damina ne ruwa ya cinye wani kwalbati a babbar hanya, aka ce manyan motoci su riƙa zagayawa ta wata ƙaramar kwalta har a gama gyara. Wannan kwalta ta ratsa Kukar Maƙera, garin mahaifina. Kun san ƙasarmu, gona ta haɗe da gona, gida ya jingina da gida, ko wurin ɗaure akuya sai an kai ruwa rana. Babu fili. Saboda haka in kaka ta yi, tsofaffin mata a gefen kwalta suke shanya. Barkono, kuɓewa, masara, duk a nan ake baza su, don kwalta tana da zafi kuma ba ta da yashi. A da babu damuwa, babura ne da 'yan a-kori-kura na gida, kowa ya san wurin, kowa ya san ya rage.

Hanyar tana shigowa ne miƙe sambal ta cikin gonakin dawa, kara ya fi mutum tsawo hagu da dama. Sai ka wuce wata tsamiya, ka ɗan ƙara gaba, sai kwana mai kaifi. Kana karya kwanar nan sai ka faɗa kan shanya. Kuma shanya ta farko ta Gwaggo Tabawa ce, ƙanwar mahaifina. Tsohuwa ce mai baki, mijinta ya rasu tuntuni, 'yar gonar barkononta ita ce cinta ita ce suturarta. Kunnenta kuwa ya tafi. Ko ganga ka buga a bayanta ba za ta waiwayo ba, balle hon.

Ranar da na ji labarin zagayen na buɗe taswira na duba garinmu. Ɗari aka rubuta tun daga cikin gonaki, ɗari a tsamiya, ɗari a kwana, ɗari a kan shanyar Gwaggo. Sai can tsakiyar gari, daidai masallaci, hamsin ta fara. Na duba ko wani ne ya yi ganganci. A'a. Wanda ya sa lambar ya haɗa da hoto, ga allo nan garau, hamsin a cikin jan da'ira, tsaye a ƙofar gidan mai unguwa. Ya bi ƙa'ida, ya rubuta abin da ya gani a inda ya gan shi.

Amma ni ƙafata ta tuna wani abu. Lokacin da nake tuƙi, a tsamiya nake sauke giya, kuma allo ne yake tuna mini. Da sassafe na hau babur na je. Na kutsa cikin dawa a gindin tsamiyar ina sara da adda, ina tona da ƙafa, sai ga shi: dunƙulen siminti a binne, da guntun bututun ƙarfe a tsakiyarsa, an yanke shi da zarto, yanka mai kyau, ba irin na ɓarawo mai sauri ba.

Na wuce wurin mai unguwa, Alhaji Isyaku. Dattijo ne mai son a ce komai nasa a kintse yake. Na tarar da shi a kan kujera a ƙofar gida, allon yana tsaye a kansa yana ƙyalli kamar jiya aka kafa shi. Bayan mun gaisa na ce, "Ranka ya daɗe, wannan allon ba a tsamiya yake ba da?"

Ya yi murmushin jin daɗi. Ya ce, "Ai kai ne ka lura, Malam Garba. Ni na sa aka ɗauko shi. 'Yan gwangwan sun sace na garuruwan da ke kewaye da mu kaf, sun kai an auna a kilo. Na ga yadda aka kira takwarorina ana titsiye su, ina kayan gwamnati, ina kayan gwamnati. Na ce ni ba za a yi da ni ba. Ka duba duk yankin nan, nawa ne kaɗai ya rage. Duk Juma'a sai an wanke shi."

Na ɗaga kai na sake duban allon. Mutumin nan amana yake ganin ya riƙe, kuma ya riƙe ɗin. Na yi masa bayani a hankali, cewa tireloli suna tafe, cewa wayoyinsu za su ce musu ɗari har sai sun wuce shanya, cewa allon a ƙofar gidansa ba ya tsare kowa sai kansa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "To mene ne abin wahala? Ba kai ne mai rubutawa ba? Ka rubuta ashirin tun daga gonaki. Allo ya zauna inda yake, kowa ya huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya rubuta abin da babu shi a ƙasa ba. In na rubuta ma gogewa za a yi."

Ya ce, "Wa zai goge? Wa ya san Kukar Maƙera?"

Kai mai jar hula, ga amsar maganarka tana zuwa. Mai unguwa yana da ɗa, Nura, magidanci ne mai shagon cajin waya. Da yamma ya buɗe taswirar da kansa ya mayar da hanyar ashirin daga farko har ƙarshe, ya zagaya gari yana cewa an gama, abin da Garba ya ƙi yi shi ya yi a tsaye. Kafin gari ya waye wata mata daga wata ƙasa mai nisa, cikin masu sa ido a kan gyare-gyare, ta mayar da shi yadda yake. Ta bar saƙo cikin ladabi: ina hujja? Ban ga laifinta ba ko kaɗan. In kowa zai rubuta lambar da ransa ke so, gobe wani zai mayar da ƙofar makaranta ɗari da ashirin don yana sauri. Sai dai abin ya ƙara mana nauyi, domin daga ranar duk wanda ya taɓa wannan hanya ido yana kansa.

Gari kuwa ya juya mini baya. A majalisa ana cewa ɗan gari ne amma ya fi jin maganar baƙi. Wani ma ya ce mini a fuska, in wani abu ya sami tsofaffin nan, a wuyana yake. Na ji zafin maganar, don tsoron da nake kwana da shi ke nan.

Na je wurin Gwaggo na tarar da ita a tsugune tana juya barkono da tsintsiya. Na durƙusa na kai bakina kunnenta na ɗaga murya, "Gwaggo, ki tashi daga nan! Manyan motoci za su fara wucewa!"

Ta ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba a mutu ba! Ki kai shanyar cikin gida!"

Ta harare ni. "Cikin gida ina? Kan akuya ko kan murhu? Kai Garbati, tun kana yawo ba wando nake shanya a nan. In barkonon nan ya ruɓe kai za ka ci da ni? Mota ai tana da ido."

Na ce motar da ke zuwa ba ta da ido, waya gare ta. Ba ta ji ba, ta ci gaba da juya barkononta.

Tirela ta farko da ta shigo ina tsaye a kwana. Ban gan ta ba sai da na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin takalmina. Ta fito daga cikin dawa kamar an harbo ta, direban ya ga kwana a ƙurarren lokaci, ya taka burki, bayan motar ya yi wutsiya ya share gefen kwalta. Farantin wata tsohuwa ya koma kamar takarda. Kafin la'asar an take akuya. Daga ranar na samo jan ƙyalle na ɗaura a sanda, na koma gindin tsamiya ina kaɗa wa duk motar da ta taho. Wasu su rage, wasu su ɗauka ɗan karɓar kuɗin hanya ne su ƙara wuta. Bayana yana ciwo, rana tana dukana, ga fitsari ba dama in matsa. Duk motar da ta wuce ni da gudu sai in tsaya cak in kasa kunne, ina jiran ihu daga bayan kwana.

Malama Binta ce ta nemo wani injiniya a ofishin kula da hanyoyi ta waya. Ya ce tabbas mazaunin allon kafin kwana ne, a mayar da shi kan gindinsa na asali, babu laifi a kan kowa. Na kai wa mai unguwa wannan magana ina murna. Ya girgiza kai. Ya ce, "Shi injiniyan a Kano yake kwana. In aka sace, ni za a kira ko shi?"

Na ga magana ba za ta yi ba, gani ya kori ji. Na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake roƙo. Ka taka mu je tsamiya tare, in ka dawo ka ce a'a, ba zan sake tayar da maganar ba." Ya ɗauki sandarsa. Da muka isa na ce ya juya ya fuskanci gari. Na ce, "Daga nan kana hango allonka?" Ya ce a'a. Muka taka har kwana, na sake tambaya. Ya ce a'a, ransa ya fara ɓaci. Muna nan tsaye sai ƙasa ta fara rawar nan. Babu kowa a tsamiya da zai kaɗa ƙyalle, ni na baro wurin. Na fizgo hannun dattijon muka faɗa cikin kara. Tankar mai ce. Ta karya kwanar tana kuka, iskarta ta tsige masa hula ta watsa barkono sama. Da ƙura ta lafa muka ga Gwaggo a tsugune inda take, tayar baya ta bi ta gefen zanenta, ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba. Tana ta tattara barkonon da ya watse tana mita, a zatonta guguwa ce.

Na tsinto wa mai unguwa hularsa na miƙa masa. Ya ce, "A kira mai walda."

Kafin magariba allo ya koma kan gindinsa. Mai walda ya liƙe shi, muka ƙara siminti, na sare karan da ke gabansa bayan na roƙi mai gonar. Na goge shi da tsumma duk da ba ya bukata. Na ɗauki hoto daga nesa yadda direba zai gan shi, na ɗauka daga kusa, na ɗauki wurin waldar, na tabbatar wayar ta riƙe inda nake tsaye. Sannan na raba hanyar a taswira daidai tsamiya, na sa hamsin, na rubuta bayanin yadda aka yi. Matar nan mai sa ido ta duba, ta amince, har ta yi godiya.

Kuna tsammani an gama ko? Na ga kun saki fuska. To tsugune ba ta ƙare ba. Gyaran da ka yi yana fitowa a taswira nan take, amma manhajojin da direbobi ke amfani da su ba kullum suke zuwa ɗibar sabon bayani ba. Wata sai ta ɗauki kwanaki, wata makonni, kuma babu wanda zai gaya maka ranar. Allo yana tsaye, amma mutumin da ya kwana yana tuƙi, ga rana a idonsa, ga waya ta yi shiru, ba lallai ya kula da ɗan ƙarfe a cikin dawa ba. Duk direban da ya tsaya sayen rake sai in leƙa in ce, don Allah in ga wayarka. Ɗari. Washegari in leƙa ta wani. Ɗari. Na ci gaba da tsayuwa da jan ƙyallena, Nura ma ya fara karɓata in na gaji, don shi ma ya ga abin da ubansa ya gani.

Sai Juma'a ta zo. Ku kun san yadda gari yake komawa in an tafi masallaci, babu namiji ko ɗaya a waje, kuma masallacin Juma'armu yana can ɗaya ƙarshen garin. Tun da hantsi na je wurin Gwaggo na yi mata ihu a kunne, ta yi wa Allah ta zauna a gida har a sauko. Ta nuna mini gabas. Hadari ne yake haɗuwa, irin na bankwana da damina. Ta ce, "Ka ga wancan? In ban samu ranar yau ba, shi ke nan, na yi noman banza." Na tsaya ina tunanin ko in bar sallar. Na kasa. Na ɗaure jan ƙyallen a jikin allo, na ce Allah ga amanarka, na tafi.

Ban ji huɗubar ranar ba, ba zan ɓoye muku ba. Kunnena yana kan hanya. An yi raka'a ta farko lafiya. Muna zaune a tahiya, liman bai kai ga sallama ba, sai ƙarar burki ta tsaga garin, doguwa, irin wadda ba ta ƙarewa, sannan shiru. Duk sahun da nake ciki sai da na ji jikin mutane ya motsa. Ana sallama na tashi, ban tsaya neman takalmi ba. Ni da likita ya hana ni ɗaukar bokiti, ranar na yi gudun da ban yi ba tun ina karen mota.

Na tarar da tirela ta tsaya a karkace a bakin kwana, tana hayaƙin taya. Kwalta ta yi ja wur a ƙarƙashinta. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na dafa jikin motar ina bin ta har gaba, ba na son in kai. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na leƙa. Gwaggo ce zaune daɓas a tsakiyar kwalta, hancin motar yana kanta, tana dukan bamba da tsintsiya tana zage-zage. Jan da na gani barkono ne. Iskar hadari ce ta ɗauke mata buhun da ta shimfiɗa ta kai tsakiyar hanya, ita kuma ta bi shi, ta ba motar baya. Tsakanin ƙarfen motar da kafaɗarta, da ƙyar na zura hannuna.

Direban yana zaune a kan matakala ya riƙe kai. Ba ɗan nan ba ne, Hausarsa gurguwa ce. Mutane suka fara taruwa, wasu samari suna ɗaga murya, mai unguwa ya daka musu tsawa. Na tsuguna gaban mutumin na ce ya kwantar da hankalinsa, ba ta ji ciwo ba. Ya yi ta maimaitawa, "Na yi hon, Baba, na yi hon, ba ta ji." Na ce na sani. Na ce, "Da wane gudu ka shigo?" Sai ya miƙa hannu cikin mota ya ciro wayar ya nuna mini. A kusurwa, cikin ɗan da'ira, hamsin.

Ya ce, "Wurin babban itace can ta yi kuka. Ni ban san hanya ba. Na rage."

Ni tsohon direba ne, na san nauyin abin da ya ɗauko, na san tsawon da tayoyinsa suka ja a kwalta. Da da gudun da 'yan uwansa suke shigowa ya shigo, da ba a bakin kwana zai tsaya ba, kuma da ba tsintsiya za mu tarar tana motsi ba. Na zauna a ƙasa kusa da shi, ba takalmi, hawaye suna zubo mini a gaban jama'a, ban damu ba.

Mai unguwa bai yi dogon jawabi ba. Ya dubi Gwaggo, ya dubi hanya, ya ce wa Nura, "Je ka ɗauko mini kujerata da tabarma." Muka zaci a nan zai zauna a sasanta. Ina! Ya sa aka kai su gindin tsamiya, ƙarƙashin allo. Tun daga ranar can ya mayar da zamansa. Mai ƙara, mai neman sa hannu, mai kawo goron ɗaurin aure, duk sai ya taka har bakin gari ya same shi. Ya kuma sa 'yan sintiri su riƙa bi ta wurin. An gyara kwalbati tuntuni, tireloli sun koma hanyarsu, shi bai koma ƙofar gida ba. Yana cewa tunda shi za a kira in an sace, gara a tarar da shi a wurin. Har yanzu duk Juma'a sai an wanke allon.

To, yanzu ku fito da wayoyinku. Ku nemo Kukar Maƙera. Kun ga inda hamsin ta fara, kafin kwana? Kai mai jar hula, wannan ne aikinka na farko. Kar ka gaya mini abin da taswira ta ce, ni na rubuta shi. Gobe ka hau babur ka je ka gano mini ko allon yana nan, ka kawo hoto. Za ka tarar da dattijo a gindin tsamiya, ka sauka ka gaishe shi kafin ka zaro waya. In ka karya kwana ka bi a hankali, kaka ta yi, shanya ta farko ta Gwaggo ce. In ta kama ka za ta ba ka labarin ranar da ta tsayar da tirela da tsintsiya, don har gobe haka ta ɗauka. Kar ka musa mata. Ni ban taɓa musawa ba, ko na musa ma ba za ta ji ba.